Kariyar keke ta bayan mota: mai ratayewa zan saya ko mai ɗorawa?

Baban Ikram:

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Shawara nake nema wajen waɗanda suka riga ni shiga wannan harka, don na kusa sayen kariya, wato ƙarfen ɗaukar kekuna a bayan mota, kuma ba na son in dawo ina cizon yatsa.

Kekuna uku ne a gidana. Nawa mai batir ne. Na auna shi a sikelin gida, na hau riƙe da shi, na sauka na sake hawa ni kaɗai, bambancin ya ba ni kilo 24 har da batir. Na Ikram, 'yata mai shekara 13, irin wanda ba shi da sandar sama ne, firam ɗin ya gangaro ƙasa, shi kilo 14. Sai na ƙaninta, ƙarami mai taya inci 20, kilo 11.

Shekara biyu ke nan ina fama da su. Da farko kwantar da kujerar baya ɗaya nake yi, in cire tayoyin gaba in cusa kekunan ta but. Yaran su matsu a kujerar da ta rage, hannun kekena yana gogar kunnen yaron duk lokacin da na sha kwana. Har yau akwai zanen baƙin man sarƙa a kan kujerar, babu irin sabulun da ban gwada ba. Da na gaji sai na sayi kariya irin mai igiyoyi da ake maƙalawa a murfin but. Ita kuma ƙura ce take shiga ƙarƙashin robar da ke dafa jikin mota, tana goga tana goga, sai da ta cinye fenti wuri huɗu. Wata rana a hanya na duba madubi na ga kekunan sun karkace gefe guda, ashe igiya ɗaya ce ta saki. Tun ranar na jefa ta ɗakin ajiya.

To motar da nake da ita yanzu ta hannu ce, kuma na same ta da ƙarfen jan tirela a ƙarƙashin bamba, mai baki kusurwa huɗu. Na sa tef na auna cikin bakin, santimita 3 da 'yan kai ne, wato dai ƙaramin, inci 1 da kwata. Ban taɓa jan komai da shi ba.

Na ga kariya iri biyu da ake zurawa a wannan baki. Akwai mai hannuwa biyu da ake rataye keke ta firam, akwai kuma wadda tayoyi ke zama a kanta kamar a kan dandamali. Wacce ta fi dacewa da ni? Raina ya fi kwantawa da mai cin keke huɗu, ko don gaba, sai dai duk waɗanda na gani na babban baki ne, inci 2. Mai sayarwa ya ce wannan ba komai ba ne, akwai ɗan ƙarfen da ake sawa a tsakani ya mayar da ƙaramin baki babba. Haka ne kuwa?

Tsohon Makaniki:

Wa alaikumus salam. Baban Ikram, ajiye maganar mai ratayewa da mai ɗorawa tukuna. Ka fara daga ƙarshe ne. Ɗauki tsumma da fitilar wayarka ka kwanta ƙarƙashin motar nan, akwai abin da za ka karanta.

A jikin ƙarfen ja za ka ga takarda manne ko rubutun da aka buga, da lambobi biyu. Babbar ita ce nauyin tirelar da zai iya ja a kan tayoyinta. Ƙaramar ita ce nauyin da zai iya ɗauka yana danna shi ƙasa. Kai ƙaramar ce taka, domin kariyar keke ba ta da taya, duk nauyinta a wuyan ƙarfen yake. Nan mutane suke ruɗewa. Mutum ya ga an rubuta abin da ya kai kilo 900 sai ya ce ai ko saniya ce zai ɗora, alhali lambar da ta shafe shi tana gefe, kashi ɗaya cikin goma na waccan.

A tsarin Amurka, wanda shi ne mai baki kusurwa huɗu irin naka, an kasa su aji-aji. Aji na 1 yana ɗaukar nauyin danniya har laba 200, wajen kilo 90 ke nan. Aji na 2 har laba 350, kusan kilo 160. Abin haushin shi ne dukansu biyu bakinsu inci 1 da kwata ne, ido ba zai raba maka su ba, tef ɗinka ma ba zai raba ba. Galibi sai daga aji na 3 ake samun baki inci 2. Saboda haka aunin da ka yi rabin labari ne.

Bayan wannan ka buɗe littafin motar, shi ma yana da tasa lambar, kuma sau da yawa ta fi ta ƙarfen ƙanƙanta, don ƙarfen a jikin shasi aka ɗaure shi, shasin ƙaramar mota kuwa ba na babbar mota ba ne. Sannan ita kanta kariyar tana da iyakarta, na jimla da na kowane keke. Cikin ukun nan wadda ta fi ƙanƙanta ita ce mai magana. Kuma idan za ka yi lissafi ka haɗa da nauyin kariyar kanta. Mai ɗorawa ta keke biyu takan kai kilo 20 ko fiye tun kafin ka sa mata komai.

Ga kuma abin da takardar ba ta faɗa. Cika bokiti da ruwa ka riƙe shi a jikin ƙirjinka, sannan ka miƙa hannu ka riƙe shi can nesa. Ruwan bai ƙaru ba, amma kafaɗarka za ta ba ka labari. Ita lambar nan an ƙayyade ta ne da nauyin da ke zaune dab da bakin ƙarfen, inda kan tirela yake hawa. Keke na uku ko na huɗu kuwa can baya yake lilo, nesa da bamba. Ka faɗa rami ɗaya da gudu, nauyin nan ya yi sama ya dawo, ƙarfin da zai murɗa kusoshin shasi ya wuce abin da sikeli ya nuna maka nesa ba kusa ba. Shi ya sa ni ba na son a cika lambar taf, a bar sarari mai kyau.

Maganar ɗan ƙarfen tsakani kuwa, mai kaya yana son ya sayar da kayansa ne. Ƙarfen nan baki kawai yake faɗaɗawa, ba ya ƙara wa motarka ƙarfi ko na kilo ɗaya. Illa ma ya ƙara tura kayan baya, ya kuma ƙara gaɓa guda da za ta riƙa girgiza. Da yawa cikin masu ƙera irinsa da kansu suke rubuta cewa yana rage abin da za a ɗauka da rabi. Ba banza ba masu keke huɗun da ka gani duk na inci 2 ne. Hatta manyan kamfanoni irin su Thule da Yakima, ƙarin mazaunin da ake jonawa a bayan mai ɗorawa don ta ci keke huɗu, a kan ta inci 2 suke yarda a sa shi.

Tunda motar ta hannu ce, kana can ƙasa ka duba kusoshin da suka ɗaure ƙarfen, ka ga ko tsatsa ta ci wurin. In ka ga walda aka yi masa kai tsaye babu wata takarda ko lamba, to ba ka san abin da kake da shi ba, ka kai a duba kafin ka ɗora masa keken 'yarka.

Maman Biyu:

Baba Makaniki ya gama magana a kan ƙarfe. Ni bari in ɗan kare mai ratayewa, don na san yanzu za a taru a yi mata rubdugu.

Shekara huɗu nake amfani da ita. Dalilina ɗaya ne: ni kaɗai nake ɗaga ta in zura, in zare in jingine ta bayan ƙofa. Na taɓa aron mai ɗorawa, wallahi sai da na kira maƙwabci ya kama min, sannan da na dawo na rasa inda zan ajiye ta, ta cinye rabin baranda. Duk wanda zai ba ka shawara ka tambaye shi wa ke ɗaga masa tasa.

Amma gaskiya, Baban Ikram, kekunanka ba nata ba ne. Mai batir ɗin nan sai ka ɗaga shi har ƙirji kafin ka rataye, kuma yawancin masu ratayewa iyakar kowane keke bai kai kilo 24 ba. Na Ikram ba shi da sandar sama, to da me za a rataye shi? Sai ka sayi wata sanda ta daban mai maƙalewa daga ƙarƙashin sirdi zuwa wuyan keke. Ina da ita, tana aiki, amma ƙarin kaya ne da za ka manta a gida ranar da kake sauri. Na ƙaramin kuma firam ɗinsa matsattse ne, hannuwan kariyar biyu ba sa shiga ta cikinsa sai da dabara, ya ƙare a karkace taya ɗaya sama ɗaya ƙasa.

Sannan suna lilo. Kowane birki sai sun sumbaci juna. Fedar keken ɗana ta taɓa yi wa firam ɗin nawa zane tun daga sama har ƙasa a tafiyar awa biyu. Yanzu tsofaffin safa nake sa wa fedoji, in ɗaure tayar gaba da firam don kada kan keken ya riƙa juyawa. Mutane suna dariya in sun ga keke sanye da safa, ni kuwa fentina lafiya lau.

Mai Feda:

Oga, abu ɗaya da ba wanda ya gaya min sai da na gani da idona: salansa. Ka tsuguna ka ga ina bakin salansarka yake kallo. Tawa kai tsaye baya take hurawa, tayar kekena kuma ta sauko daidai saitinta. Bayan doguwar tafiya na tsaya na ji warin roba, na duba, gefen tayar ya yi laushi ya kumbura, tiub ya tafi. In rim ɗin na kabon ne ma asarar ta fi haka, don zafi yana lalata shi. Ka nemi kariyar da wuyanta ya ɗaga sama.

Kuma ka riƙa cire batir ka sa a cikin mota. Ka rage nauyi, ka raba shi da girgiza da ruwan sama, ɓarawo ma ya rage sha'awa. Keke mafi nauyi shi ne na kusa da mota, kullum.

Baƙon Sanyi:

Don masu karatu da motarsu ba irin ta Baban Ikram ba ce: a Turai ba baki kusurwa huɗu ake yi ba, dunƙulen ƙarfe ne kamar ƙwallo, faɗinsa milimita 50, kariyar kan ƙwallon take damƙa da wani hannu da ake dannawa. Kada a shafa wa ƙwallon giris in za a ɗora kariya, zamewa za ta yi. Nauyin danniyar yana rubuce a farantin ƙarfen gaban harafin S, a ƙananan motoci da yawa za ka ga kamar kilo 50 zuwa 75.

Abin da ya sa na sa baki shi ne fitilu da lamba. Kariyoyin can da nasu fitilun suke zuwa da wurin manna lambar mota, a jona su da soket ɗin tirela mai ƙafa 7 ko 13. A Italiya ma kayan da ya zarce bayan mota sai an rataya masa allo mai ratsin ja da fari. Dokar kowace ƙasa daban, ka bincika taku, amma ko babu mai tare ka, ka loda kekunan ka sa wani ya taka birki ya kunna sigina, kai kuma ka koma baya taku ashirin ka duba. In kai ba ka ga fitilar sosai ba, mai binka a baya da daddare ma ba zai gani ba.

Baban Ikram:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Na yi shiru kwana biyu ne don ina son in dawo da labari cikakke.

Baba, na kwanta ƙarƙashin motar kamar yadda ka ce. Takardar tana nan, laka ta rufe ta, sai da na jiƙa tsumma. Aji na 1 ne, laba 200. Littafin mota kuma, da na tono shi daga ƙarƙashin tarkacen da ke aljihun gaba, ya ce kilo 75. Ka ga ashe 75 ce lambata ba 90 ba. Na zauna na yi lissafi: kekuna uku kilo 49, in na haɗa da kariyar da za ta ɗauke su na riga na taɓa 70 ko na wuce, ga na ukun can a ƙarshen bokitin da ka kwatanta. Da na bi maganar mai kaya na sa ɗan ƙarfen tsakani da mai cin huɗu, Allah kaɗai ya san inda za mu kwana. Da na koma na gaya masa, cewa ya yi ai kowa haka yake yi. Na ce to ni ban da ni.

Mai ɗorawa ta keke biyu na saya, wadda aka yi ta don ƙaramin baki tun asali, nauyinta kilo 21. Na cire batir kamar yadda Mai Feda ya ce, kekena ya dawo 21, na Ikram 14, jimla 56. Na ƙaramin kuma but yake shiga, ko taya ba na cirewa, in dai na juya kansa. Abin da ya ba ni dariya shi ne shekara biyu ina neman yadda zan fitar da kekuna uku waje, ashe biyu ne matsalar.

Ranar farko ban ji daɗi ba. Na zura ta, na sa fil ɗin da ke riƙe ta a bakin ƙarfen, na kama hanya, sai na ga a madubi kekunan suna rawa hagu da dama kamar za su sauka. Na tsaya gefe gabana yana faɗuwa. Ashe akwai kusar da ake ɗaurewa ta matse wuyan kariyar a cikin bakin, ni kuma da hannu kawai na murɗa ta. Ɗan sararin da bai kai kaurin farce ba a wurin bakin, kafin ya kai ƙarshen kariyar ya zama tangaɗi. Da na sa sifana na ɗaure ta tamau, na kama kariyar na girgiza, sai motar gaba ɗaya ta motsa tare da ita. Yanzu sifanar a aljihun ƙofa take kwana. Kuma na koyi tsayawa bayan tafiyar minti goma in sake taɓa kowane maɗauri, don sai an ɗan yi tafiya kaya suke zama.

Inda na yi kuskure wajen saye shi ne madigadi. Tawa irin wadda ƙugiya ke sauka kan tayar gaba ce ta danne ta, ba ta taɓa firam ko kaɗan, abin da ya burge ni ke nan. Ban tuna keken Ikram yana da madigadi ba sai da na zo danna ƙugiyar na ji roba tana ƙara. Dole na kwance na gaban. Yanzu duk ranar da ta bi ta cikin ruwa sai ta dawo da ɗigon laka har haɓa, kuma ba ta fasa tuna min laifin wane ne ba. Wanda kekensa ke da madigadi ya duba wannan kafin ya biya, akwai masu kama firam maimakon taya.

Sai jeri. Kan ɗaya yana kallon dama, ɗayan hagu, in ba haka ba hannuwan suna karo. Duk da haka sirdina yana taɓa birkin nata, sai da na sauke sirdin ƙasa. Na sa ɗan tef a sandar don in gane inda yake in mun isa.

Maman Biyu, kin yi gaskiya a kan nauyi. Bayana ya shaida. Kuma har yanzu ban sama mata wurin zama na kirki ba, tana jingine inda kowa ke tuntuɓe da ita.

Abubuwan da ban zata ba: na'urar ribas tana ihu ba ƙaƙƙautawa da zarar na sa giyar baya, don tana ganin kariyar kamar bango, sai na kashe ta, kyamarar baya kuma taya kawai take nuna min. Motar ta ƙara tsawo sosai, sau biyu ina shiga wurin ajiye mota in fito in ga kekuna a kan hanya. A gangaren fita daga gareji kuma gindin kariyar ya daki ƙasa da wata ƙara da ta sa yaran suka yi tsit. Yanzu a karkace nake sauka, a hankali, taya ɗaya bayan ɗaya. Wajen mai kuwa ban ga wani bambancin da zai dame ni ba, tunda kekunan a bayan mota suke fake, ba kamar a kan rufi ba inda suke tare iska.

Abin da na fi so a jikinta shi ne fedar da ake takawa kariyar ta kwanta baya da kekunan a kai, but ya buɗe. Sai dai ka tare ta da hannu, kilo 35 ne ke tahowa kanka.

Baƙon Sanyi, na yi gwajin. Fitilun birki ana ganinsu ta tsakanin tayoyi, amma lambar ta ɓuya rabi. Ina neman allon fitila mai wurin lamba, sai dai motar ba a ja mata wayar soket ba, wannan aikin mai wayarin ne.

Tambayar da ta rage: in bar ta a jikin motar kullum tunda tana naɗewa sama, ko in riƙa cirewa?

Tsohon Makaniki:

Madalla, ƙanena. Cire ta in ba fita za ku yi ba. Rana tana cin robobin da maɗauran, ruwa yana shiga bakin ƙarfen, in ta yi watanni a ciki tsatsa za ta haɗe su sai da guduma. An sha kawo min irinsu. Ka shafa giris kaɗan a wuyan kafin ka zura, naka ba irin ƙwallon Baƙon Sanyi ba ne, ba abin da zai zame. In ka zare ka toshe bakin da murfin roba. Kuma kada ka shiga injin wankin mota da ita.

Makullin da ke jikinta na tsayawa shan mai ne kawai, wayar siririya ce. In za ku yi nisa da motar ka sa sarƙa ta gaske ta ratsa firam biyun, ka zagaya ta cikin kunnen ƙarfen ja inda ake maƙala sarƙar tirela. Amma ka cire ta kafin ka tashi, kada ta yi ta dukan fenti a hanya.

Baban Ikram:

An gama, Baba. Na zare ta yau da yamma, na kuwa ga jan tsatsa ya fara fitowa a wuyan, mako uku kacal. Na goge na shafa giris.

Yanzu rigimar da ta rage ta ƙaramin ce. Ya ce shi bai yarda ba, don me na yayarsa yake hawa waje kowa yana gani, nasa kuma a kulle a but. Na ce ya bari ya kai keke mai taya inci 24, lokacin sai mu sake lissafi, wataƙila har da motar. Ya je ya ɗauko tef ɗina yana auna ƙafarsa.